Mai Jiran Na Ƙarshe

Kwana arba'in da uku ke nan Mahbuba ba ta ji muryar Zaharaddeen ba. Kada wani ya ce ina aka samo lissafin. Ita ke ƙirgawa da kanta, kowace safiya in ta shafa addu'a sai ta ƙara ɗaya.

Yau kuwa ga shi nan, titi kawai ya raba su.

Ranar tseren gudu ce ta matasan Wurno, wanda ake tasowa daga Lahodu a ƙare a bakin gari. An ja layi da toka a kan kwalta, an kafa rumfa biyu, ta manyan baƙi da ta masu magani. A ta biyun Mahbuba take, don ita aka turo daga asibitin da take aiki ta kula da masu faɗuwa. Sau uku tana jera auduga da bandeji a kan tebur tana sake rushewa. Aikin bai buƙaci haka ba, ido ne dai ke neman wurin ɓuya.

Shi kuma yana can bakin layin toka, gwiwa ɗaya a ƙasa, kyamara rataye a wuya, hularsa a karkace kamar kullum. Ya rame. Wallahi ya rame, har ƙashin wuyansa ya fito, sai ta ji kamar ta tsallaka ta tambaye shi ko yana cin abinci.

A bayansa igiya ce ɗaure tsakanin dogonyaro biyu, an maƙala hotunan tseren da aka yi a Rabah watan jiya. Haka yake aikinsa. Hoton wannan tsere sai a tsere na gaba, kowa ya zo ya nemi fuskarsa. A bayan kowane hoto kuma yakan rubuta sunan mai shi da garinsa da lokacin da ya taka layi.

Wannan aikin ne mahaifinta ya ƙi jini.

Malam Abdulƙadiri manomin albasa da tafarnuwa ne a fadamar Wurno, mutum ne mai magana ɗaya. Ranar da ya hana Zaharaddeen zuwa zance bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Ni ba ni yi miki tilas, Mahbuba. Ke ba yarinya ta ba, kin yi karatu, kin san ciwon kanki. Duk wanda ranki yak kwanta da shi ki kawo min. Amma mai hoton nan, a'a."

"Baba, mi yay yi?"

"Mi shika yi dai! Ƙato da shi, ba gona ba rumbu. Daga Rabah sai Goronyo, daga Goronyo sai Gandi, shina bin masu gudu da ɗan akwati ga wuya. Irin su sunka ɓata min ɗa."

Shekara biyu ana wannan magana, Malam bai taɓa tambayar sunansa ba, balle ya ce ɗan wane ne. A ƙasar nan kuwa, uba in bai tambayi asalin saurayi ba, to maganar ko zaure ba ta shigo ba. "Mai hoton nan" kawai yake cewa, yana kawar da kai.

Ɗan da yake nufi shi ne Iliyasu, yayan Mahbuba, ɗan farin gidan. Iliyasu mayen gudu ne tun yana ƙarami. Har hotunan 'yan wasa ya taɓa liƙawa a ɗakinsa, Malam ya tattara su ya cinna musu wuta, ya ce kada ya sake ganin hoto a gidansa. Shekara biyu da suka wuce Iliyasu ya bar ban-ruwan albasa ya sulale zuwa tseren Rabah. Irin ya ƙone a ranar. Da ya dawo da yamma yana ɗingishi, Malam ya tare shi a tsakar gida.

"Makaranta ba ka gama ba. Ban-ruwa ba ka gama ba. Gudun ma an ce min an watse ba a gane ka ba. Kai mi za ka taɓa gamawa duniyar ga?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki. Bayan mako uku zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Gidan ya wayi gari babu Iliyasu, babu ko hotonsa guda.

Nan bakin layin toka ihu ya tashi, masu kalangu suka saki kiɗa. Na farko ya bayyana, wani siririn saurayi ɗan Gandi, ya taka toka ya zube. Zaharaddeen ya ɗauke shi. Na biyu, na uku, na goma, kowa ya taka sai ya ɗauka, ya dubi agogo ya rubuta a ɗan littafinsa. Mahbuba ta shiga wanke ƙafafun da suka fashe, tana ɗauri tana leƙe ta ƙasan ido.

Da aka zo rabon kyauta, Bilyaminu ne ya miƙe. Ɗan Rimawa ne ta ƙasar Goronyo, dillalin albasa, shi ya kawo keken da injin ban-ruwan da aka ba zakarun. Shekara guda yana neman aurenta, kuma Malam na son shi. Ba shi da girman kai, bai taɓa faɗa mata maganar banza ba. Da yana da aibu ma da ta samu sauƙi.

Ya zo bakin rumfarta ya tsaya nesa kaɗan.

"Likita, sannu da aiki."

"Yawwa, sannu Alhaji."

"Su Kawu suna tahowa bayan la'asar, su ji amsa bakin Baba. Ba matsa miki nika yi ba, Mahbuba. Na dai daɗe tsaye bakin ƙohwa."

"Allah shi kawo su lahiya," ta ce, tana naɗe bandejin da ta riga ta naɗe.

Amsar tana bakinta, Malam ya ce abin da ta faɗa shi zai faɗa musu. Jiya ma Inna ta riƙe hannunta tana kuka, Innar da hawan jini bai bar ta ba tun rasuwar Iliyasu. "Ƙannenki biyu suna ɗakinsu, ke kina nan. Ki bari in ga aurenki kahin in bi ɗan'uwanki." Mahbuba ta kwana da maganar nan a ƙirji, har ta kusa yanke wa kanta cewa za ta ce to.

Kafin ƙarfe sha ɗaya wuri ya watse. An kwashe kujeru, masu kalangu sun bi zakara cikin gari, masu ƙosai sun kife kasko. Direban motar asibiti ya ce zai je ya sha mai ya dawo. Zaharaddeen na nan inda yake, shi da igiyar hotunansa, rana na dukan ƙeyarsa.

Ta daɗe tana faɗa da ƙafafunta, su suka yi nasara. Ta tsallaka titi.

"Malam, an watse."

Bai juyo da sauri ba. Ta ga yadda kafaɗarsa ta motsa da ya ji muryarta.

"Saura guda," ya ce.

"Wa?"

"Baba Mode wanzami. Sittin da ɗaya sunka taso, sittin sunka iso. Tsohon ya rantse ma jikoki nai sai ya gama."

"In bai zo ba hwa?"

"Shina zuwa."

Sai a nan ya dube ta. Duk maganar da ta tanada kwana arba'in da uku ta gudu ta bar ta, hawaye suka riga ta.

"Ka rame," ta ce.

"Ke ma ba ƙiba kinka yi ba." Ya yi ɗan murmushi, bai kai ko'ina ba. "Na ji mutanen Goronyo na zuwa yau."

"Ka ji, kuma kana nan kana jiran wanzami!"

"To in tahi ina, Mahbuba? Baba ya ce kada in taka ƙohwar gidanku. Na bi magana tai. Ko wayarki ban kira ba, Allah shina gani sau nawa nika ɗauko lambar ina maidawa."

"Da ka kira."

"Da na kira da na zama abin da shika hwaɗi."

Ta goge fuska da gefen hijabi, wasu suka sake zubowa.

"Ajiyata tana nan?"

Hannunsa ya kai kan jakar da ke gefensa. Ajiyar ita ce mafarin komai a tsakaninsu. Bayan rasuwar Iliyasu da wata guda, wani baƙon saurayi ya zo asibiti yana tambayar ƙanwar mamacin, ya miƙa mata ambulan. Hoton Iliyasu ne na tseren Rabah. Ta yi kuka har ta gode Allah, amma ta kasa kai shi gida don tsoron wutar Malam. Ta ce ya ajiye mata. Daga nan duk tseren da aka turo ta sai ta ce ya nuna mata yayanta. Tana zuwa ganin hoto, tana zuwa ganin hoto, har ta wayi gari ba ta san wanne take zuwa gani ba, hoton ko mai hoton.

"Kullum tana cikin jaka," ya ce.

"Ba ni in kai ma Baba. In yag gani, wataƙila zuciya tai ta yi sanyi, shi san kai ba mutumin banza na ba. Ita kaɗai ta rage muna, Malam."

Ya ciro ambulan ɗin, gefensa duk ya tsufa. Ya miƙa mata, amma bai saki ba.

"Naki na, tun ranar hwarko naki na. Ki kai ma Inna, ta daɗe ba ta ga ɗanta ba. Amma don girman Allah kada ki kai ma Baba shi don ni."

"Don mi?"

"Iliyasu ba sadaki na ba, Mahbuba. Ba a sa mamaci roƙon aure. In nis shiga gidanku ta kan hoton ga, kullum nid dubi Baba sai in ji na kama shi ga inda ka yi mai ciwo."

"To in yi yaya? Hwaɗa min in yi yaya! Inna na kuka, Baba ya kahe, mutane na bisa hanya. Ni kuma in na ruhe ido kai nika gani, in na buɗe kai nika nema. Ka ce min in jira, wallahi in jira."

Ya juya ga titi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni sana'ata jira ta, ba ta gajisshe ni. Amma ba ni ce miki ki jira, ga Inna ba lahiya. Ina sonki, kin sani, Allah ma ya sani. Abin da kika iya ɗauka shi za ki ɗauka, ba ni riƙe ki da komi."

"Kullum kai ka jiran kowa," ta ce cikin kuka. "Kai wa ka jiranka?"

Can ƙarshen titi wani ɗan tsoho ya ɓullo, ya ɗaure wando da rawani, yana jan ƙafa yana haki. Zaharaddeen ya saki ambulan, ya share idonsa da bayan hannu, ya durƙusa ya ɗaga kyamara.

"Taho Baba Mode! Taho, saura ƙiris! Ga layi nan!"

Tsohon ya taka toka ya ɗaga hannu biyu sama, bakinsa wangame, haƙori uku. Babu kiɗa, babu tafi. Zaharaddeen ya ɗauke shi, ya dubi agogo, ya rubuta.

Mahbuba ta miƙa wa tsohon ruwa, ta duba ƙafarsa, ta ga motar asibiti ta dawo, ta juya ta shiga da sauri. Ta san in ta ƙara minti ɗaya a wurin ba za ta iya tafiya ba.

Bayan azahar ta sami Inna a ɗaki tana ɓarar tafarnuwa a faifai. Ta saki labule, ta durƙusa a gabanta.

"Inna, zan nuna miki wani abu. Amma ki yi min alkawali ba ki ɗaga murya."

"Mi na na kuma?"

Ta zare hoton ta ɗora mata a cinya.

Iliyasu ne da jar riga, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya tsinke yana riƙe da shi a hannu. Ƙafarsa ta dama na kan layin toka, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Bayansa titi ne fayau, ba kowa sai wata akuya.

Faifan ya kife, tafarnuwa ta watse a ɗaki.

Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ko ranar da aka fita da shi ba ta kira ba. Yau kunyar shekara ashirin da takwas ta kwance.

"Iliyasu! Wayyo Iliyasu ɗana!"

Malam yana tsakar gida yana alwala. Butar ta faɗi. Kafin Mahbuba ta miƙe ya ɗaga labule, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ya dubi matarsa, ya dubi abin da ke hannunta. Ya miƙa hannu, Inna ta ƙanƙame, ya zare shi a hankali.

"Wa yak kawo wanga abu gidana?"

"Ni ta, Baba."

"Mai hoton nan yab ba ki ki kawo min?"

"A'a, Baba. Cewa yay yi in kai ma Inna. Ya roƙe ni kada in nuna maka don shi."

Yatsunsa suka kama gefen hoton biyu. Mahbuba ta runtse ido.

"Malam," in ji Inna, "shekara talatin ban taɓa musa maka ba. In ka yaga shi, ni ka yaga."

Ba a ji ƙarar yaga ba. Da Mahbuba ta buɗe ido sai ta ga ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kawo hoton kusa da fuskarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juya bayansa ya ga rubutu. Malam bai yi boko ba, ya miƙo mata ba tare da ya saki ba.

"Mi anka rubuta nan?"

Ta karanta, kowace kalma sai ta haɗiye kuka.

"Iliyasu Abdulƙadiri, Wurno. Tseren Rabah. Ya kammala ƙarfe ɗaya saura kwata."

"Sake hwaɗi."

"Ya kammala, Baba."

"Ai ce min anka yi an watse ba a gane shi ba."

"An watse. Takalmi nai yat tsinke tun tsakiyar hanya. Motoci biyu sunka tsaya su ɗauke shi, yaƙ ƙiya. Shi yaz zo ƙarshe."

"To wa yag gane shi, in an watse?"

"Mai hoton. Shi kaɗai yat tsaya."

"Aboki nai na?"

"Bai san shi ba, Baba. Haka shika yi ko'ina. Ba shi tashi sai na ƙarshe ya iso. Ranar awa biyu yay yi cikin rana."

Malam ya nemi bakin gado ya zauna, kamar an zare masa ƙashin baya. Mutumin da ko a maƙabarta ba a ga hawayensa ba, yau ga su suna bin gemu.

"Ni nic ce mai ba shi gama komi," ya ce, ba da kowa yake ba. "Da ƙahwa tai a hwashe nic ce mai haka. Kuma yaron ga bai buɗe baki yac ce, Baba na gama ba."

Inna ta rufe fuska da zani.

Ba su san lokacin da aka yi la'asar ba sai da suka ji tsayuwar mota a waje, sannan sallama daga zaure.

"Salamu alaikum! Baƙi na daga Goronyo!"

Malam ya share fuska da hannun riga ya miƙe. Inna ta miƙo hannu a ba ta hotonta.

"Bari shi ɗan zauna nan tukun," ya ce, ya saka shi a aljihun ƙirjinsa. Ya dubi Mahbuba. "Ga su sun zo. Mi za ni ce musu?"

Da safe ta yi niyyar cewa to. Ta nemi kalmar a bakinta ta rasa.

"Baba, ka gahwarce ni. Bilyaminu mutumin kirki na, bai cancanci in shiga gida nai da wani cikin raina ba. In ka hana ni wancan na hanu, ba ni taɓa saɓa maka. Amma wanga ka ba su haƙuri."

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Malam ya gyara hularsa, ya ɗaga labule ya fita. Ta bi shi da ido har tsakar gida.

"Salamu alaikum!" aka sake yi daga zaure.

Saura taku biyu ya shiga sai ya tsaya. Bai juyo ba, hannunsa na dafe da aljihun ƙirji.

"Mahbuba."

"Na'am, Baba."

"Yaron ga, mai hoton. Mi as sunanai? Ɗan wane na?"

Ta kama bakin ƙofa. Sunan da ta shekara biyu tana ɓoyewa a gidan nan, yau uban da kansa ke tambaya.

"Zaharaddeen, Baba. Ɗan Malam Sale na, mai ɗinki, can Rabah."

"Zaharaddeen," ya maimaita a hankali.

Sannan ya amsa sallamar baƙin, ya shiga zaure.